Likkafani a Kan Fiffike

Da Turai ta ɗaga murfin akwatin ƙarfen ta ga ba bandir ɗin alawayyo a ciki, ko salati ba ta yi ba. Ta dai tsaya tana kallon gurbinsa, inda kafur ya bar farin gari a kusurwa. Mutum ɗaya ne a duk faɗin Jidda ya san inda take ɓoye makullin akwatin nan, kuma ita ta goya shi a bayanta.

A tsakar gida baƙonta na zaune kan tabarma yana kurɓar shayi, bai san abin da ake ciki ba. Alhaji Na'ibi ke nan, ɗan ƙanen mahaifinta, wanda ya zo hajjin bana daga ƙasar Yawuri. Tun da aka sauko daga Arfa yake bin matan Takari masu sayar da gyaɗa a bakin masaukin alhazai, yana tambayar ina 'ya'yan Malam Ɗan'azumi, har Allah ya haɗa shi da wadda ta kwatanta masa unguwar Kurayyat, inda Turai take. Saƙo guda ya kawo. Tsohonsa, Baba Ubale, yana can kwance, ko masallaci ba ya iya fita, kuma ranar da Na'ibi zai taho ya riƙe masa hannu ya ce, in ka sami gidan Yaya, ka ce a ba ka likkafanina.

Tsohon zance ne. Ranar da Malam Ɗan'azumi, mahaifin Turai, ya kamo hanyar gabas da ƙafa, a bakin kogi ya yi wa ƙanen nasa alkawarin zai kawo masa likkafanin da aka wanke da Zamzam. Malam ya yi shekaru yana tsintar auduga a Sudan, a can aka haifi Turai. Da suka samu ƙetarowa Jidda, hajjinsa na farko ya sayi bandir guda, ya tsoma a ruwan Zamzam, ya shanya a rana. Turai tana 'yar yarinya ita ta riƙe masa bakin yadin har hannuwanta suka yi tsami. Daga nan ya naɗe ya sa a akwati, ya ci gaba da cewa baɗi. Bai koma ba. Mutanen unguwa har yau cewa suke kewar gida ce ta kashe shi, su faɗa suna girgiza kai. Turai ba ta taɓa yarda da wannan ba. Tari ne ya kashe shi, ita ta yi jinyarsa. Jiragen ruwa kuwa ba su daina zuwa tashar Sawakin ta Sudan ba duk tsawon zamansa. Abin da ta gani da idonta shi ne, tsohon ya fi son hirar gida da gidan kansa. Amma alkawarin nasa ne, kuma yanzu mai shi ya aiko.

Ta rufe akwatin, ta yafa baƙar abayarta, ta fito.

"Alhaji, ajiye shayin nan. Taso ka ga ɗan'uwanka."

"Lafiya dai, Yaya Turai?"

"Za ka gani."

Motar haya ta sauke su can kudu, inda gidaje ke ƙarewa sai filaye masu katangar langa-langa, irin waɗanda mutanen Jidda ke kira hosh. A ɗaya daga cikinsu ƙanenta Othman yake ƙarar da duk ranar Juma'arsa da duk yammacin da ya taso daga garejin manyan motoci a Madinar Masana'antu. An haife shi a Jidda bayan iyayen sun manyanta, uwar ba ta daɗe ba, uban ya bi ta tun Othman bai fara azumi cikakke ba. Ya tashi a ƙarƙashin rugugin jiragen da ke sauka a filin Kandara, wuyansa kullum a sama. Abokan aikinsa suna kiransa Kabtin, shi kuma yana amsawa kamar bai san tsiya suke masa ba.

Kafin su tura ƙofa wari ya tare su, mai hawa kai kamar na fenti amma ya fi shi mugunta. Na'ibi ya toshe hanci da bakin rawaninsa.

A tsakiyar hosh ɗin, ƙarƙashin rumfar buhuna, abin yake. Gangar jikinsa ta katako ce, sirara-sirara, waɗanda Othman ya tsinto daga akwatunan kaya da ake zubarwa a tashar jiragen ruwa, ya feƙe su ya haɗa da gam. A hancinsa an ɗaura injin wata 'yar motar Jamus mai kama da kunkuru. Ƙafafunsa tayoyin baro ne. Kujerar matuƙi kuwa Turai ta gane ta, ta gidan marigayi mijinta ce, an yanke mata ƙafafu. Fiffike ɗaya na jingine da katanga, haƙarƙari a waje. Ɗayan na kwance kan ganguna biyu, an lulluɓe shi da farin yadi, an ɗinke, an shafa masa wannan abu mai wari har ya ɗame ya yi ƙyalli kamar fatar ganga. Sauran bandir ɗin na ƙasa kan kwali, almakashi a kansa.

Othman ya ɗago, buroshi a hannu, farin tobinsa na Larabawa duk ɗigon mai.

"Ahlan, Yaya. Da kin aiko ai da na zo."

"Da ka zo kamar yadda ka zo ka buɗe mini akwati ina kasuwa?"

"Akwatin Baba."

"Ga Alhaji Na'ibi, ɗan Baba Ubale. Ka san abin da ya zo karɓa. Gaishe shi, in ya so ka nuna masa inda ka sa likkafanin ubansa."

Othman ya goge hannu a cinya ya miƙa wa baƙon. "Marhaba, ya ɗan ammi. Kaif gida? Kaif Baba?"

"Jiki da sauƙi," in ji Na'ibi, idonsa na kan fiffiken. Ya matsa ya taɓa shi da yatsa, ya janye da sauri. "Wannan shi ne?"

"Shi ne," in ji Turai. "Wanda Yayan ubanka ya wanke da hannunsa."

"Ku saurara mana, ya jama'a," in ji Othman. Hausarsa irin ta 'ya'yan Jidda ce, tana tafiya tana tuntuɓe, in ta faɗi Larabci ya ɗauke ta. "Na zaga kasuwar Bab Sharif shago-shago. Duk yadin yanzu an gauraya shi da nailan, in na shafa masa magani sai ya narke ko ya saki. Wannan auduga ce zalla, saƙar da, babu irinta. Mushkila ina? Gobe in sayi sabon yadi, in hau mota zuwa Makka, in wanke shi a Zamzam, halas, shi ke nan. Zamzam ba ta ƙafe ba."

"Hannun Baba fa? A wane shago ake sayar da shi a Bab Sharif?"

"Ya shekha, gawa ba ta sanin wanda ya wanke."

"Ai ba gawa ba ce ta aiko. Mai rai ne, yana jira tun ba a haife ka ba."

Ita kanta Turai ba ta cikin masu cewa yadin da ya sha Zamzam yana hana wa mutum tambayar kabari. Ta ji malamai na gardama a kai, ta bar musu. Abin da ta sani, wani tsoho a wancan ƙetaren duniya ya riƙe magana ɗaya kusan shekara arba'in, ga kuma abin da aka yi da maganar, an shafe ta da mai an ɗora kan ganga.

"Naɗe mini sauran," ta ce. "Abin da ka ɓata ka ɓata, kai da Allah."

"La. Fiffike biyu ne. Kin taɓa ganin tsuntsu da guda?"

"Na ga mahaukaci da guda."

Othman ya jefar da buroshin cikin gwangwani. "Kin ga abin da ke tsakanina da ke? Tun ina ƙarami komai na Baba naki ne. Akwatinsa, carbinsa, labarinsa. In na buɗe baki ki ce ni me na sani, ban taka hanyar Sudan ba, ban ɗauki kaya a ka ba. Tayyib. Ke kin gaji akwati. Ni na gaji sana'a. Kuma wallahi da Baba zai tashi yau, ya fi son ya ga yadin nan a kan jirgi da ya gan shi a rami."

"Wace sana'a? Baba ɗinkin hula yake yi."

"Sana'ar gidanmu. Ta Kaka."

Ya nuna katanga. A can, an rataye da ƙusa biyu, wani tsohon itace ne baƙi wuluk, mai faɗi a ƙasa kamar ganyen ayaba, ya tsuke zuwa sama inda ya karye. Turai ta san shi sarai. Shi mahaifinsu ya taho da shi daga gida, ya dogara shi a hanya har mariƙinsa ya gutsure. Shekarun baya Othman ya ɗauke shi daga ɗakinta, ta ƙyale shi, tana tsammanin ɗan abin tunawa yake so.

"Baba da bakinsa ya gaya mini," in ji Othman. "Ya ce wannan filafilin jirgin ubana ne. Ya ce gidanmu gidan masu yin jirgi ne, kuma da zai sami itace mai kyau da ya yi nasa da hannunsa ya koma gida. Ba sau ɗaya ya faɗa ba. Ga shaida Allah ya kawo. Ya Alhaji, gaya mata. Kakanmu yana yin jirgi ko ba ya yi?"

Fuskar Na'ibi ta washe karon farko tun da suka shigo. Ya sauko da itacen da hannu biyu, yana shafa shi.

"Allahu akbar. Na Kaka Usuman ne, ga tsagarsa nan. Yin jirgi? Kai, duk yankinmu ba wanda ya kama ƙafarsa. Daga garuruwa ake zuwa a ba shi aiki."

"Kin ji?" Othman ya juyo yana haki. "Kin ji, Yaya? Kuma ya taɓa tashi?"

"Wa, jirgin? Kullum. Da an yi sallar asuba yake tashi, ranar kasuwa ma sai ya yi sawu da yawa."

Othman ya ƙura masa ido. Shi a ransa bai taɓa kai abin nan ba. Iyakar abin da yake gaya wa abokansa a gareji, kakansa ya gwada tun kafin Nasara su kawo nasu, ko bai tashi ba ya dai gwada.

"Da mutane a ciki?" ya tambaya a hankali.

"Da mutane, da buhunan shinkafa. Babban ma har jakai yake ɗauka."

"Jakai."

"Ƙwarai. Tsohona na cewa in Kaka ya zauna a baya, ka ga aiki." Na'ibi ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a ƙasan hosh ɗin, cikin ƙura da gutsattsarin katako, ya riƙe itacen ta gefen dama ya caka shi ya ja baya, ya ɗaga ya mayar hagu ya ja. "Haka. Ko ruwa ya cika ya kawo iya wuya, ba ya karkacewa."

Ya ƙara ja sau biyu kafin ya lura da kallon da suke masa.

Abin da ya faru ba wuyar ganewa. 'Ya'yan da aka haifa a Jidda jirgin ruwa babur suke ce masa, kamar Larabawa. Ƙaramin na masunta, wanda ake fafe gungume a yi, huri. Kalmar jirgi ba ta da sauran aiki a bakinsu sai ga abin da ke sauke alhazai a Kandara. Yaro ya ji ubansa ya ce jirgi, ya ji filafili, ya ɗaga kai ya ga abin da ke juyawa a hancin tayyara, ya haɗa. Uban ya mutu. Ba wanda ya taɓa tambayar yaron me ya fahimta, shi kuma ya girma da abinsa, ya yi gemu a kai.

Turai ta dubi ƙanenta. Ta san fuskar nan, ita yake yi yana ƙarami in an kore shi daga wasa. Akwai maganar da za ta iya yi a lokacin ta rufa masa asiri gaban baƙo. Sai idonta ya sake faɗawa kan fiffiken mai ƙyalli, dariya ta kufce mata, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Huri, Othman! Huri! Kwalekwale! Abin tuƙi ne ka rataye kana masa kallon farfela. Kai, Kabtin! Jikan mai fito!"

"Yaya Turai, a yi haƙuri," in ji Na'ibi yana miƙewa, yana kakkaɓe gwiwa. "Ni ban san..."

"A'a, bar shi ya ji. Ya saci likkafanin tsoho saboda gadon jakai."

Othman ya karɓi itacen daga hannun Na'ibi, ya juya shi, ya duba bakinsa da ruwa ya cinye. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya wurgar da shi, ya faɗi gaban baƙon ya ta da ƙura.

"Ɗauki ludayinku," ya ce. Muryarsa ta sauka, ta yi sanyi. "Tayyib. Kaka bai yi ba. Baba bai yi ba, shi dama ba abin da ya taɓa yi sai cewa baɗi. To ni ne na farko ke nan. Ya fi." Ya taka zuwa inda sauran bandir ɗin yake, ya ɗora ƙafarsa a kai, da takalmi. "Yadin nan ba ya fita."

"Ɗauke ƙafarka daga kan likkafani."

"Ba likkafani ba ne sai an sa mutum. Yanzu yadi ne, kuma rabona ne."

"Ɗan'uwa," in ji Na'ibi, "tsohon nan ba ya gani sosai, amma kullum in ya ji an yi sallama sai ya ce ko daga gabas ne. Dubi Allah."

"Ni na san shi? Ya taɓa aiko mana da ko gaisuwa? Garinku ma na ji an ce ruwan madatsa ya cinye shi. Ku kuna can kuna kukan mu, mu muna nan muna kukan ku, kowa na zaune. Bas, ya isa. Ni zan tashi."

"Za ka tashi, ka faɗo, a kawo mini kai a cikin buhu," in ji Turai. "Wannan tsakaninka da wuyanka ne, na daina yi maka magana a kai. Amma da yadin Baba Ubale ba za ka faɗo ba."

"Ki zo ki ɗauka."

Ta dube shi. Ya fi ta tsawo da ƙarfi, Na'ibi kuwa ba mutumin kokawa ba ne. Ta gyara abayarta a kafaɗa.

"Ba sai na taɓa ka ba. Daga nan gidan umda zan wuce, mai unguwa ya raka ni wurin shurɗa. In ce musu ga wani Takari mai zama da takardar iƙama ya ɓoye tayyara a hosh, ba izini, ba wanda ya sani. Ka fi ni sanin abin da za su tambaye ka, da inda za su kai ka in sun gama."

Na'ibi bai san shurɗa 'yan sanda ne ba, amma ya ga yadda fuskar Othman ta canza, ya ja da baya.

"Za su kore ni daga ƙasar," in ji Othman. "Zuwa inda ban taɓa gani ba. Da matata da 'ya'yana a nan."

"Na sani."

"Ke kika yi mini wanka. Ke kika kai ni makaranta."

"Ni ce. Ka taɓa jin na ce zan yi abu ban yi ba?"

Wata babbar mota ta wuce a waje, langa-langar ta yi ta kaɗawa har ta yi shiru. Othman ya ɗauke ƙafarsa. Sawun takalmin ya fito raɗau a kan farin, baƙin mai da ƙura.

Turai ta sunkuya da kanta, ta ture almakashin, ta rungumo yadin. Ya fi yadda take tsammani rashin nauyi.

"Min al-yom ma indi ukht," in ji Othman, bai dube ta ba. Sannan, don kada baƙon ya rasa, ya juya masa da Hausa. "Daga yau ba ni da 'yar'uwa. In ta mutu kada a aiko mini."

"Ba za a aiko ba," ta ce. "Yalla, Alhaji."

Na'ibi ya sunkuya ya ɗauki filafilin ya cusa ƙarƙashin riga kamar wanda ya yi sata, ya bi ta. Suna fita aka buga ƙofar, aka ja sakata.

A bakin hanya ta miƙa masa baki ɗaya, ta riƙe ɗaya, suka ja da baya har yadin ya miƙe tsakaninsu. Ta auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta sake aunawa. Namiji zane uku ake masa. Abin da ke hannunsu biyu zai bayar, da ɗan guntun da bai kai komai ba.

"Ba laifi," in ji Na'ibi, yana magana ƙasa-ƙasa. "In mun koma gari sai a sayi na ukun a haɗa. Fari fari ne. Tsoho ba zai gane ba, ni kuma ba zan faɗa ba."

"Ba za a haɗa ba."

"Yaya Turai, don hankalinsa ya kwanta."

"An yi shekara arba'in ana kwantar masa da hankali. Ka kai masa biyun nan, ka ce su ne Yayansa ya wanke. Biyu ma suna yi, ka tambayi limaminku."

"In ya ce ina na ukun?"

"Ka gaya masa abin da ka gani."

"Da sawun takalmin?"

Ta duba tabon. Ta kai yatsa za ta kankare, ta fasa. In ta wanke shi, ruwan famfon Kurayyat ne zai zama na ƙarshe da ya taɓa yadin.

"Da shi," ta ce. "Matso mu ninke."

Suka haɗa baki da baki, suka ninka, suka sake ninkawa. Daga cikin hosh suka ji an fara buga guduma, da ƙarfi, ba tsari, ba a san ko haɗawa ake ko farfasawa ba. Na'ibi ya waiwaya. Turai ba ta waiwaya ba, ta danƙa masa yadin a ƙirji, ta fita tsakiyar titi tana ɗaga wa motar haya hannu.